Sulan Mai Gadin Hayaƙi

Duk ƙauyen Houtun babu mai kiranta Teng Sulan in ba ni ba. Sauran mutane Mai Hayaƙi suke ce mata, kuma idan baƙo ya tambayi gidanta da haɓa ake nuna masa, ba da hannu ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun ranar da aka kawo ni aure garin, saboda haka ko tarinta na asuba na san shi. Ba zan ce mace ce mai daɗin zama ba. Ba ta iya hira ba, ba ta iya doguwar gaisuwa ba, kuma kana mata magana idonta na can saman kafaɗarka yana laluben sararin sama. Sai dai na zauna da ita zaman da ya isa in faɗi abin da na sani.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da 'ya ɗaya da 'yar gona. A shekarun ne aka hana ƙona kara. Mu kuwa da wuta muka saba: ka cire masara, ka cinna wa karan wuta, ka shuka alkama kafin sanyi ya kama ƙasa. Sai aka wayi gari hayaƙin ya zama laifi, wai yana rufe manyan hanyoyi yana shaƙe mutanen birni. Aka ce tauraron ɗan'adam na kallo daga sama, kuma in ya hango wuta a ƙasar wani ƙauye, shugaban ƙauyen ne zai je gunduma ya sha zagi a tsaye. Shugabanmu ya bi maza ɗaya-ɗaya yana neman mai gadi, ranar kowa ya tashi da ciwon baya. Sulan ce ta karɓi jan ƙyallen da ke alamar mai gadi ta ɗaura a damtse, don 'yarta na makaranta, kuma cikin masu gulmarta daga baya babu wanda ya taɓa ajiye mata buhun gari a ƙofa.

Rufin ɗakin famfo ne ofishinta. Tun duku-duku za ta hau tsani da filas ɗin ruwan zafi da waya, ta zauna kan bulo. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, daga can sama babu gonar da ke ɓuya. Ta sha gaya mini cewa hayaƙi ba shi da wuyar karatu: inda ya tsuke nan ne gindinsa, inda ya baje can iska ta nufa. Ka bi shi zuwa tsukakken bakin, za ka tarar da mutum tsaye da ashana a aljihu yana rantsuwa shi ma yanzu ya zo.

Ba ta taɓa kuskure ba, kuma wannan ne mutane suka kasa yafe mata. Da takan ɗora wa marar laifi ko sau ɗaya, da an samu abin kama baki. Har ni ta taɓa kai ni ƙara kan wani ɗan tsibin ganye da na ƙona a bayan gona, sannan da yamma ta leƙo ta katanga tana neman aron tafarnuwa. Na ba ta, ina zaginta a ciki. Mata suka daina kiranta bikin haihuwa. In ta shiga shago hira ta mutu, sai ta fita a ci gaba daga inda aka tsaya.

Duk wannan ta shanye. Wanda ya tsaya mata a wuya shi ne na yayanta Baogen.

Wata kaka ce mai hadari. Injin da ke niƙe kara bai zo layinsu ba, matarsa na kwance, ruwa na shirin sauka, kuma in ƙasa ta jiƙe da karan a kai to alkamar bana ta tafi. Da sassafe ya cinna wuta a gonarsa ta arewa. Sulan na kan rufin, ta ga hayaƙin ya miƙe, ta bi shi da ido zuwa gindinsa, ta san gonar kamar yadda ta san tafin hannunta, don a cikinta ta koyi riƙon fartanya. Ta ce mini ta daɗe da wayar a hannu. Amma a makon ta riga ta kai ƙarar wasu gidaje, kuma ta san idanun ƙauye duk suna kanta. Ta buga.

An tsare shi na 'yan kwanaki. Ba tsarewar ce ta karya shi ba. Da ya dawo sai aka tsayar da shi gaban lasifikar ƙauye, wadda ake sanar da rigakafi da ɓatan akuya, aka sa shi ya faɗi sunansa da na mahaifinsa ya nemi gafarar jama'a da bakinsa. Baogen mutum ne da ko a gidan biki ba a jin muryarsa. Ina tsakar gida ina shanya na ji shi yana sarƙewa da kalmomi, na kuma ji Sulan ta rufe tagarta.

Tun daga ranar bai sake ce mata ko da "kin ci abinci?" ba. Ba faɗa, ba zagi, shiru ne kawai. In sun haɗu a hanya sai ya tsaya gyaran igiyar takalminsa har ta wuce. Da mahaifiyarsu ta rasu, duk abin da zai gaya mata na jana'iza ta bakin matarsa ya bi. Kabarin na tsakiyar gonar arewan nan, kuma a ranakun da ake kai wa matattu saƙo shi yakan je da sassafe ya ƙona mata takardun saƙon bisa al'ada, ita kuma ta jira har ya tafi, sannan ta je ta ajiye furen roba, tunda bai kamata a ga mai gadin hayaƙi da ashana ba. Na san abin da take so a duniya bai wuce kalma ɗaya daga bakin mutumin nan ba, ko da ta zagi ce. Ba ta taɓa faɗa ba. Amma kullum kakar tafarnuwa sai ta ajiye masa damin farko a ƙofa, kullum kuma damin ya kwana ya bushe a inda ta ajiye shi.

Shekaru suka tafi, aka zo aka kafa dogayen sanduna da kyamarori a gonaki, masu juya kai dare da rana. Shugaban ƙauye ya karɓi jan ƙyallensa ya yi mata godiya a tsaitsaye. Aikin ya tafi, sunan ya zauna.

Lokacin ne wani kamfani ya buɗe a garin gunduma, saman wani tsohon shagon kayan ɗaki. Mata irinmu yake ɗauka, waɗanda gwiwa ta fara gajiya da gona amma ido bai mutu ba tukuna. Aikin shi ne ka zauna gaban kwamfuta, hoto ya zo, ka zagaye abin da aka ce ka zagaye, domin na'ura ta koya. Mun zagaye motoci, mun zagaye aladu, mun zagaye ramukan titi. Ni nake ɗaukar Sulan a babur ɗina mai caji, mu tafi cikin sanyi mu dawo cikin sanyi. Wuya ya sage, ido ya yi ja, yatsan da ke danna linzamin kwamfuta ya ƙage har ka kasa riƙe tsinken cin abinci da yamma. Manaja Lou, mai kula da mu, sa'an 'ya'yanmu ne, Gwaggo yake ce mana duka, kuma Gwaggon nan tasa in ta fito to wani aikin ne zai ƙara.

Sai ga aikin hayaƙi ya zo: hotunan gonaki daga sama, ka zagaye hayaƙin, ka ɗiga alama a gindinsa, ka ja kibiya zuwa inda iska ta nufa. Na kalli Sulan na ce to ga mijinki ya biyo ki har birni. Ba ta yi dariya ba. Kafin mu gama hoto ɗaya ta gama uku. Manaja Lou ya riƙa kawo sababbin ma'aikata bayanta su tsaya su ga yadda ake yi. Ita kuwa ta ce mini duk alamar da ta ɗiga sai ta ji kamar wani ne tsaye a wajen yana kallonta, shi ya sa take sauri, don ta wuce shi.

Muna cikin wannan, wata safiya hotuna suka sauya. Babu kore, babu hanya, babu rufin gida ko ɗaya. Ƙasa ce fayau mai launin tsohon bulo, cike da ramuka zagayayyu kamar an dangwala gindin kwano a gari, kuma kowane rami da dogon farin zane a gefensa, duk sun kwanta fuska ɗaya. Manaja Lou ya tafa hannu ya ce wannan duniyar Mars ce, wasu masu bincike ne a wata jami'a suke son a ja musu kibiyar iska a kan kowane zane. Wata ta tambaya ko akwai bayani, ya ce akwai amma da tsawo, kuma ai irin aikin jiya ne, hayaƙi ne ba wuta.

Da gaskiyarsa, kama kam sun yi kama. In ka ɗan lumshe ido sai ka rantse ƙauyuka ne da yawa kowa ya hura murhu a rana mai iska. Kowane zane gefe ɗaya faɗi, gefe ɗaya tsini. Hannunmu ya riga ya saba: tsinin shi ne gindi, faɗin shi ne inda iska ta nufa. Muka duƙufa. Sulan ta yi ta zuba kibiyoyi har Manaja Lou ya saya mata lemo.

Bayan mako guda aikin ya dawo mana gaba ɗaya. Ko kibiya ɗaya ba ta tsira ba, duk mun juya su baya. Kuma tunda Sulan ta fi kowa sauri, ita ta fi kowa ɓarna.

Aka tara mu gaban babban allo, wata Malama Shen ta fito daga can jami'ar. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai na ga mace ce mai kumburarrun idanu da kofin shayi da ya huce, gajiyarta ba ta gaza tamu ba. Ta tambaya wane aiki muka yi kafin wannan, aka ce hayaƙi, ta dafe goshi ta yi 'yar dariya. Ta ce ita ma tana faɗa wa ɗalibanta su kwatanta zanen nan da hayaƙi don su gane iska ce ta yi shi, amma kwatancen iyakarsa ke nan. Hayaƙi a sama yake, yana tafiya, ya fito a tsuke ya baje. Wannan kuwa a ƙasa yake kwance, kuma irin waɗanda aka ba mu daga ramin suke farawa da faɗi, su yi ta sirancewa har su ƙare. Bakin ramin yana da tudu. Iska in ta taso tana share ƙurar fili duka, sai ta ci karo da tudun nan ta rabu biyu ta wuce, ƙurar da ke bayansa ta samu mafaka ta zauna. Can nesa inda iskar ta sake haɗewa, nan zanen ke ƙarewa. Wato ba wani abu ne ke tashi daga ramin ba, abin da ramin ya kare ne ya rage.

Sulan ba ta taɓa magana a taro ba. Ranar sai na ji muryarta a gefena.

"Malama, to wa ya kunna?"

Mata suka kwashe da dariya. Malama Shen ba ta yi ba.

"Ba kowa, Gwaggo. Can babu mai kunna komai. Wanda ya tare kawai ake gani."

Muka koma kujerunmu muka fara juya kibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, aikin mako guda a banza, ga sabo na jira. Kowa na tsaki. Na zaci Sulan za ta fi kowa jin zafi, mace da ba a taɓa cewa ta karanta iska ba daidai ba. Sai na ga ta rage sauri. Takan tsaya kan rami ɗaya ta yi ta kallonsa har Manaja Lou ya zo ya tsaya a bayanta yana gyaran murya.

Da rana muna cin taliya a bakin matakala, inda rana ke ɗan taɓawa, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Ta ce makarantarsu tana wani ƙauye ne a arewa, kuma da hunturu iskar hanyar nan tana yanka fuska har leɓe ya tsage. Baogen ne ke kai ta a tsohon keken babansu. Yakan ce ta manne da bayansa ta sa hannu cikin aljihun rigarsa, kar ta leƙo. Ta ce takan isa makaranta da ɗuminta, shi kuwa girarsa ta yi fari da ƙanƙara, hancinsa na zuba, ya juya keken ya koma gona. Ta ce ba ta taɓa ganin hanyar makarantarsu da hunturu ba, bayan rigarsa kawai ta sani, da wani faci da mahaifiyarsu ta yi da shuɗin zare.

Na ce mata ta ci taliyarta kafin ta sanƙare. Ni ma na gaji, kuma tausayinta ya kama ni, abin da ban so ba, don na fi sabawa da jin haushinta.

Ta kira sunana ta ce, "Guifang, rabin rayuwata ina neman wanda ya kunna. Na gaji."

Ranar kai wa matattu kayan sanyi ta zo a farkon wata na goma, kamar kullum. Ana yanka 'yan riguna da wanduna na takarda, a sa musu auduga a ciki, a ƙona a kan kabari don kada na can su kwana da sanyi. Shekarar matar Baogen ta riga ta bi surukarta, shi kuma wani ciwo ya taɓa shi ya bar masa rawar hannu. 'Ya'yansa na kudu suna aikin masana'anta. An kuma yi ta shela a lasifika cewa saboda iska kada wanda ya kunna wuta a gona, a kai fure kawai, kyamarori na gani.

Tun kafin in sha kunun gerona Sulan ta buga katanga ta ce in kai ta gonar arewa. Na ce ai yanzu yana can. Ta ce ta sani.

Iskar ranar irin wadda ke shiga ta hannun riga ta fita ta wuya ce. Alkama ta fara tsiro, gajeriya, babu abin da zai tare komai daga nan har ƙarshen gani. Na tsayar da babur a bakin gona na ce ni nan zan jira, ba ni shiga rigimar 'yan gida ɗaya. Amma wurin ba nisa, ina ganinsu ina jin su.

Baogen na tsugune gaban tudun kabarin, ya danne rigunan takarda da dutse. Ya ƙyasta ashana, iska ta kashe. Ya sake, ta kashe. Hannun na rawa, tsinken ma wani lokaci bai samun akwatin. Ƙasa gabansa duk matattun tsinkaye ne. Ya ji takunta, ya ɗago ya gan ta da furen robarta a hannu, ya dubi sandar kyamara can gefen hanya, ya sake dubanta. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Bai ɓoye ashanar ba, bai kuma tashi ba. Ya tsaya ne kawai yana jiran ta ciro waya.

Ta ajiye furen a ƙasa, iska ta yi gaba da shi, ba ta bi shi ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama kamar yadda ta saba, ta zagaya ta arewa da shi, ta ba iska baya. Ta ɓalle maɓallan babbar rigarta ta buɗe ta da hannu biyu ta tsaya.

Ya zaro wani tsinken. Sannan ya ƙyasta. Wutar ta yi rawa ta tsaya. Ya kai ta bakin 'yar rigar farko, ta kama, ta biyu ta kama. Hayaƙi ya tashi siriri daga tsakaninsu, ya wuce kansa ya baje kan gonar, duk mai ido zai iya bin sa zuwa gindinsa. Na dubi kyamarar na ce a raina wataƙila jibi hoton nan ya faɗo teburin ɗayanmu, a ce mu ɗiga alama. Gashin Sulan ya tarwatse, rigar na kaɗawa tana dukan ƙafafunta. Tokar kuwa ba ta watse ba, ta taru a gabanta inda iska ba ta kai.

Yana ta saka takardu ɗaya-ɗaya yana gaya wa mahaifiyarsu ta karɓa, sanyi ya zo, ta sa mai audugar a ciki. Ya saka ta ƙarshe. Bai ɗago ba. Muryar ta fito a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Matsa hagu kaɗan. Iskar ta juya."

Iskar ba ta juya ba. Ni da ban iya karatunta ba ma na sani, don tana nan tana dukan kunnena na dama kamar ɗazu, balle Sulan. Hagun nan kuwa wajen da yake tsugune ne.

Ta ce, "To, Yaya."

Ta matsa.